Injin da Ya Ci Gaba da Jiran Auta

Mijin 'yata ba injiniya ba ne a takarda. Labarin ƙasa ya karanta a jami'a, ya fita da sakamako matsakaici. Amma tun yana ƙarami ake kiransa Injiniya, domin a shagon mahaifinsa ya tashi, cikin rediyoyi da talabijin da aka kwance wa baya, sunan kuma ya biyo shi har gidana. Ni ma haka nake kiransa. Shi kuwa Baba yake ce mini, kansa a sunkuye. Ko a waya muke magana, ina jin kan nan a sunkuye yake.

Ni mai harhaɗa magunguna ne, na yi ritaya. Na faɗi haka ne don a san iyakar sanina. Abin da zan kawo game da aikinsu daga bakinsu na ji shi, na yi ta tambaya har na gane daidai gwargwado.

Mahaifinsa ya taɓa gaya mini cewa bai ga yaro mai hannu irin nasa ba, bai kuma ga mai gaggawa irinsa ba. Zai gano ciwon rediyo kafin mai ita ya gama bayani, ya gyara, ya rufe, sannan a tarar da ƙusa biyu a kan tebur. A jami'a da kwamfutar abokin ɗakinsa ya koyi rubuta manhaja, ba malami, ba aji. Ya yi aiki a shagon intanet, daga nan wani kamfani ya ɗauke shi. A can ya haɗu da Auta, ƙaramar 'yata, wadda ita kimiyyar kwamfuta ta karanta. Ranar da suka fara magana, wani abu ya goge bisa kuskure, aka turo ta ta dawo da shi. Ta tsaya a kansa ta ce, "Kai ne mai saurin nan da ake faɗi?" Ya ce shi ne. Ta ce, "To matsa."

Bayan aurensu suka bar kamfanin suka kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon sayar da batirin mota. Tebur biyu suna fuskantar juna, fanka mai tsayuwa da aka ɗaure wa wuya da waya, butar lantarki, taga ɗaya mai kallon titi. Manhajar da suka gina ta ƙananan asibitoci ce. Ma'aikatan jinya suna shigar da ranar rigakafin jarirai da ranar awon masu ciki, ita kuma kullum da tsakar rana tana aika saƙo zuwa wayar duk uwar da ranarta ta kama gobe.

Auta ce ta yi mini bayanin yadda abin yake, wata rana muna cin abinci. Bayanan ba a ɗakinsu suke ba. Suna cikin kwamfutocin haya a wani wuri mai nisa, abin da masu sana'ar suke kira gajimare. A can suna da rumbun bayanai guda biyu: na gwaji, mai sunayen ƙarya, inda ake ɓarna yadda aka ga dama, da na gaske, mai sunayen mata da 'ya'yansu. Idan ɗayansu ya rubuta gyara, ba ya kai shi da hannunsa. Akwai jerin umarni da ita ta tsara, suna ce masa injin. Shi zai karɓi gyaran, ya gwada shi, ya ɗora shi a gajimare da kansa. Sai dai kafin ya taɓa rumbun gaske yakan tsaya cik, sai mutum na biyu ya karanta ya danna amincewa. Aikin Injiniya yana jiran Auta, na Auta yana jiran Injiniya.

Na ce ai haka muke yi a ɗakin magani: wani ya zuba, wani ya duba takarda ya sa hannu.

Ta ce, "To da daga ina kake tsammani na sato, Baba?"

Saboda wannan tsarin yake kiranta Kwastan, ita kuma tana ce masa Direba. Na sha jin su ko a falona, kowa da kwamfutarsa a cinya.

"Kwastan, a daure a buɗe mana hanya, kaya suna lalacewa."

"Sauke su in gani. Wannan layin na mene ne?"

"Ba komai, ɗan ƙaramin gyara ne."

"Duk masu fasa-ƙwauri haka suke cewa. Koma ka sake."

"Mama, kina ji ko? A gaban iyayenta ma ba ta raga mini."

Mamansu takan ce ita ba ruwanta, amma a bar mata surukinta ya ci abinci tukuna.

Ciwon da ya tafi da Auta bai daɗe ba. Na san sunansa, na san magungunan da aka ba ta da adadin kowanne, ban kuma ga kuskuren kowa ba. Allah ya jiƙanta. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Injiniya ya koma aiki da wuri, mutane suka yaba da ƙarfin halinsa. Kowane ƙarshen mako yana zuwa gaishe mu, ya zauna a gefen kujera, ya taɓa abinci kaɗan ya ture. Mamansu ce ta fara magana. Ta ce, "Yaron nan ƙarewa yake yi a tsaye. Kai da kake jin yarensu, je ka ga abin da yake ciki."

Na je wata safiya. Teburinta yana nan yadda ta bar shi, har da kofinta da ƙaramin matashin da take sa wa a baya. Ɗakinta na gidanmu ma haka yake. Abin da ya ja idona allon kwamfutarsa ne. Layuka ne jere har ƙasa, kowanne da ɗigo ruwan ɗorawa a gefe, kowanne da rubutu iri ɗaya: ana jiran amincewa, sannan sunanta.

Na ce, "Waɗannan fa?"

"Gyare-gyare ne, Baba. Tun daga lokacin."

"Ba wanda ya wuce?"

"Babu."

"To da me kake aiki?"

Ya shafa ƙeya. "Ta taga nake shiga."

Abin da yake nufi shi ne, tunda shi ma mai kamfanin ne, yana da mabuɗin da zai kai shi rumbun gaske kai tsaye, ba tare da ya bi ta injin ba. Da shi yake lallaɓa ƙananan gyare-gyare da hannu. Manyan kuwa ba sa shiga ta taga, ga su nan a jibge. Asibiti biyu sun fara ƙorafi.

Na ce, "Wato kai ne mai zubawa, kai ne mai sa hannu."

Sannan na tambaye shi:

"Ana iya canza sunan da injin yake jira?"

"Ba wuya. Layi ɗaya ne."

Na san mutumin da yake zuba magani shi kaɗai, komai ƙwarewarsa, ranar kuskurensa tana tafe, kuma a nan ba shi kuskuren zai faɗa wa ba, matan da suke jiran saƙo ne. Na kuma san cewa ya fi ni sanin haka.

Da na ba mamansu labari, sai ta ga hanya mai sauƙi. Da ya zo gaisuwa ta ce, "Ba ka san kalmar sirrinta ba? Ka shiga da sunanta mana ka danna, aiki ya tafi."

Ya ce, "Na sani, Mama. Ita ta ba ni. Amma in na danna da sunanta, tarihin aikin zai rubuta cewa ta gani ta yarda. Ba ta gani ba."

Mamansu ta dube ni. Ni dai a duk shekarun aikina ban taɓa sa hannu a madadin wani ba. A ranar na ƙara ganin girmansa, na kuma ƙara jin tsoro.

Daga nan na ɗauki al'adar zuwa ofishin wasu safiyoyi. Nakan ce hanya ce ta biyo da ni. Ya san ba hanyar da take biyowa ta saman shagon batir, amma ya samo mini kujerar roba daga ƙasa, ya ajiye kusa da taga. Ina karanta jarida, yana aiki. Wani lokaci mu sha shayi ba wanda ya ce uffan.

Ina nan zaune ranar da abin ya faru. An canza tsarin wata allurar rigakafi, aka ce ya daidaita ranakun. Ya rubuta umarnin da zai sake lissafa ranar kowane jariri, yana so ya gwada shi a rumbun gwaji. Injin yakan nuna rumbun gaske da jan launi don kada a ruɗe, amma ta taga ba launi, baƙin allo ne guda biyu masu kama ɗaya. Na ji ya danna, na ji ya ja numfashi, ashe a rumbun gaske ya danna.

Kafin ya yi magana wayarsa ta yi ƙara. Shugabar ma'aikatan jinya ce ta ɗaya daga cikin asibitocin, muryarta har inda nake.

"Injiniya, lafiya kuwa? Yaran da za su zo gobe duk sun watse, wani mako mai zuwa, wani wata mai zuwa. Har da masu ciki. Ko aljanu ne suka shiga kwamfutar?"

"Ni ne, Anti. Yanzu zan gyara."

"Ka gyara kafin saƙo ya fita, don Allah. Matan nan abin da waya ta ce musu shi suke bi. In ta ce wata mai zuwa, ko kuka na yi ba za su zo gobe ba."

Ya ajiye wayar. Hantsi ya riga ya yi. Na tambaye shi ko ba zai juya lissafin ya koma baya ba. Ya ce ba lissafi ɗaya aka yi wa kowa ba, kuma sabuwar ranar ta hau kan tsohuwar ta goge ta. Hanya ɗaya ce: kowace safiya injin yana ɗaukar kwafin rumbun duka ya adana, sai a dawo da kwafin yau.

"To dawo da shi."

"Injin ne kaɗai yake da mabuɗin wurin." Ya yi wani guntun murmushi. "Nan Auta ba ta yi masa taga ba, Baba. Ta san ni."

Ya tura umarnin dawo da kwafin. Wani sabon ɗigo ruwan ɗorawa ya hau saman sauran, da rubutun nan da sunanta. Sannan ya buɗe shafin da dokar take. Layin gajere ne, ko ni na iya karanta shi. Ya ɗora hannu a kan madannai, hannun nan da mahaifinsa ya ce ba ya iya jira, ya kasa motsa shi.

Na jawo kujerata kusa. Na ce, "Ba sai ka goge nata ba. Ba a iya ƙara wani a ƙasa?"

"Ana iyawa."

"To?"

"Ko wa na ƙara, injin ya daina jiranta ke nan." Bai dube ni ba. "Banki sun rufe asusunta. Layin wayarta an ba wani, na kira na ji muryar namiji. Masu gaisuwa sun gama zuwa. Kullum da safe in na buɗe nan, shi kaɗai ne yake cewa ana jiranta. Kowa ya daina."

A ƙasa wani yana jan batir a kan siminti. Na bari ƙarar ta wuce, don ina so abin da zan faɗa ya zama daidai.

Na ce, "Ni ban daina ba. Mamanta in an taɓa ƙofar gida da yamma har yanzu sai ta ɗaga kai. Aikin jiran nan akwai masu yinsa, ɗana, mu uku ne, ba kuma ranar da za mu ajiye shi. Ba sai ka ɗora wa inji ba. Shi ba don wannan ta gina shi ba."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Wa zan sa? Ba kowa."

"Sa ni."

Sai a lokacin ya juyo. "Baba, ba ka iya karanta wannan rubutun ba."

"Ban iya ba, kuma ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba. Za ka nuna mini shi kamar takardar magani. Me za a ba, wa za a ba, na yaushe ne. In ban gamsu ba, ba na dannawa."

Kafin a sa sunana sai an buɗe mini asusu, kafin a buɗe asusu sai an aika lamba zuwa imel ɗina, ni kuwa na manta kalmar sirrin. Dole na kira gida.

Mamansu ta ce, "Sau nawa zan gaya maka? Mutum ya haddace sunan magani dubu, ya kasa riƙe kalma ɗaya."

"Faɗa mini dai, sauri muke yi."

"Yau kai ne da sauri? Lallai zama da Direba ya yi rana."

Ban taɓa jin ta kira shi da sunan nan ba tun bayan rasuwar. Ya ji, domin wayar a buɗe take. Ya sa bayan hannu ya goge fuska, ya ci gaba da rubutu.

Ya rubuta sunana a ƙarƙashin nata. Ya tsaya kaɗan, sannan ya danna. Rubutun da yake gefen ɗigon ya canza. Ban kalli fuskarsa ba, shi ma bai kalli tawa ba.

Ya juyo mini da allon, na sa tabarau, na bi da yatsa ina karantawa a bayyane yadda na saba. Rumbun da za a taɓa: na gaske. Na sa ya nuna mini sunan na gwaji don in ga bambancin da idona. Kwafin da za a dawo da shi: na safiyar yau. A nan na tsaya.

"Abin da aka shigar daga safe zuwa yanzu fa?"

Ya buɗe baki ya rufe. "Zai tafi."

"Su sun sani?"

"A'a."

"To a gaya musu tukuna."

Na ga gaggawar ta taso masa har wuya, ya dubi agogo, ya dube ni. Sannan ya ɗauki waya. Asibitocin ba su da yawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: a dakata da shigar da komai, a ware katunan waɗanda aka gani yau, za a sake shigar da su. Shugabar nan ta ce, "Wato aiki biyu za ka sa mu." Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ne ai abincinsu.

Da ya gama na danna. Maɓalli ne ƙarami, bai kai ƙwayar magani ba. Ɗigon ya fara juyawa, rubutu yana gudu a ƙasa, matakai suna wucewa da kansu ba mai taɓa su, kowanne in ya gama ya miƙa wa na gaba. Na zauna ina kallon aikin 'yata yana tafiya. Ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar. Ɗigon ya koma kore.

Ya buɗe sunaye kaɗan ya gwada da katunan da aka karanto masa ta waya, ranakun sun koma daidai. Da tsakar rana saƙonni suka fita. Shugabar ta sake kira ta ce, "Sun dawo. Kada ka sake, ka ji ko?" Ya ce ya ji. Ya sauka ƙasa wai zai wanke fuska, ya jima bai hawo ba. Na haɗa shayi kofi biyu na jira shi.

Da ya dawo na gaya masa cewa ni mai duba na rana ɗaya ne. Abin da na kama yau kowane mai hankali zai kama, amma jibgin nan da yake jira sai wanda ya san aikin. Ya nemi mutum, ya kuma cire sunana. Ya ce to.

Bai yi da wuri ba, amma ya yi. Wata ƙawar Auta ce da suka yi karatu tare, tana aiki daga wani gari, ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ya ce ta fi Auta tsanani, ko waƙafi ba ta yafewa. Ɗige-ɗigen nan ruwan ɗorawa suka yi ta komawa kore, wasu kuma ta mayar masa ya sake. Ya rufe tagar da kansa, ya ce ya miƙa mabuɗin ga injin. Ya fara cin abincin mamansu har ya nemi ƙari. Wata rana da zai tafi, yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa, ya ce mini ya cire sunanta daga layin. Na ce Allah ya yi masa albarka. Ya ce amin.

Har yanzu nakan hau saman shagon batir ɗin, ko da yake gwiwa ta fara hana ni. Zuwana na baya-bayan nan ya nuna mini wani abu da ban sani ba. A sana'arsu, kowane layi da aka rubuta yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi, ana iya buɗewa a gani. Ya buɗe umarnin injin, sunanta ya jeru a gefe daga sama har ƙasa, nasa jefi-jefi, na ƙawar tata ya fara shigowa. Na ce ya karanta mini ko layi ɗaya da zan gane. Ya gangara ya tsaya a kan wani, irin bayanin da suke bar wa juna a tsakanin umarni. Ta rubuta: Direba, kada ka taɓa nan sai ka tambaye ni.

Na ce, "Ka taɓa?"

Ya ce, "Mun taɓa, Baba, makon jiya. Mu biyu."